Ɗana ya ce yaron cikin fim ɗin shi ne

Tambaya: Allah gafarta Malam, ɗana mai shekara 16 ya daina fita ko ƙwallo, daga ɗaki sai waya. Akwai wani fim na Turawa da yake ta maimaitawa, labarin yaron da ba shi da aboki a makaranta, yana neman gane ko shi wane ne. Da na yi faɗa sai ya ce, "Umma, yaron nan ni ne." Kallon haramun ne? In ƙwace wayar?

Amsa: Malama, Allah ya shirya mana zuri'a. Hukuncin fim yana bin abin da ke cikinsa. In akwai tsiraici, ko ana ƙawata zina da shaye-shaye, ko ana nuna kashe kai a matsayin mafita, kallonsa haramun ne, kuma umarnin runtse ido yana nan a Suratun Nur, aya ta 30. In babu waɗannan, kuma bai hana shi salla da karatu ba, ban ga hujjar haramtawa ba, ko da yake akwai malaman da ke hana fim ɗungurungum saboda kiɗa da cuɗanyar maza da mata. Ki zauna ku kalla tare kafin ki yanke hukunci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne amsar da ya ba ki. Yaron nan ciwonsa ya gaya miki, ya ari bakin wani ne kawai. In kika ƙwace wayar yau, da wuya ya sake buɗe miki cikinsa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) yana tambayar ƙanen Anas game da ɗan tsuntsunsa: "Ya Aba Umair, me ɗan tsuntsu ya yi?" Damuwar yaro ce ƙarama, amma bai raina ta ba.

Keɓewa don tunani ba laifi ba ce. Wadda ake tsoro ita ce mai raba mutum da jama'a, shi ya sa a hadisin Abu Dawud kan sallar jam'i aka ce kerkeci tunkiyar da ta ware yake ci. Mahaifinsa ko kawunsa ya riƙa jan shi masallaci da kasuwa, ba da tsawa ba.

In ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, ko ya fara ambaton mutuwa, kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa ya zama wajibi a kanku, tare da addu'a. Allah ne mafi sani.