Daga Kano zuwa Jidda nisan kilomita nawa ne a jirgi?

Salam ɗan'uwa, ka tambaya nisan Kano da Jidda, kuma me ya sa awannin da ke kan tikitinka suka fi waɗanda aka faɗa maka.

In aka miƙe a sama daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz, wajen kilomita 3,400 ne, wato mil 2,100 da ɗoriya, jirgin da bai tsaya ko'ina ba kuma yakan ci awa huɗu da rabi zuwa biyar. Amma fa jirgi ba ya bin miƙaƙƙen layi kullum, tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarsu jirage suka koma zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo.

Inda mutane ke rikicewa shi ne agogo, Saudiyya tana gabanmu da awa biyu kuma lokacin sauka da ke kan tikiti na can ne, sai ka cire awa biyun nan kafin ka lissafa. Ni ma a umarata ta farko haka na yi ta lissafi ba daidai ba wallahi. In kuma za ku yada zango a Alkahira ko Addis Ababa to jiran ma kaɗai zai iya cinye maka yini.

Ka sa ejan ɗinka ya nuna maka hanyar a rubuce kafin ka biya. Batun harami kuwa, jirgin kan wuce miƙati kafin ya sauka Jidda, ka tambayi malami tun kana gida.