Na yi odar sikirin ɗin laftof, an turo min mai wata lamba daban: in karɓa ko in mayar?

Wani ɗan'uwa ya rubuto: "Assalamu alaikum Malam. Sikirin ɗin laftof ɗina ne ya fashe, na kwance shi na duba sitikar da ke bayansa, lambar ta fara da B156HAN, da ita na yi oda a intanet, hoton da suka saka a tallan ma ita ce a jiki. Da kaya ya iso sai na ga NT156FHM a rubuce, kamfanin ma daban. Na yi wa mai sayarwar magana ya ce wai ai duk ɗaya ne, zai hau. Ban ɗaura ba tukuna. Cutata aka yi ko dama haka harkar take?"

Wa'alaikumus salam. Ka kyauta da ba ka ɗaura ba, kuma don Allah kar ka ɓare ledar da ke manne a fuskarsa, ita ce shaidarka cewa ba a taɓa shi ba. Maganar zai hau, wataƙila ya hau ɗin, amma maganar duk ɗaya ne kam ba gaskiya ba ce.

Bari mu fara da abin da za a yi wa mai sayarwar uzuri a kai. Su HP da Dell da Lenovo da Acer ba su ke ƙera sikirin ba, saye suke yi a wurin kamfanoni 'yan ƙalilan irin su AUO, BOE, LG Display, Innolux da Sharp, shi ya sa za ka iya buɗe laftof biyu iri ɗaya sak ka tarar ɗaya na BOE ne a ciki ɗaya kuma na AUO. To ka ga canjin kamfani shi kaɗai ba laifi ba ne, balle kuma lambobi da yawa an daina ƙera su, dole sai madadi. Inda gizo ke saƙar shi ne masu sayarwa da yawa suna jera lambobi rututu a tallansu alhali kaya iri ɗaya ko biyu ne a ajiye a wurinsu, duk wanda ya yi oda shi za a naɗe masa, sannan can ƙasan talla cikin ƙananan rubutu su maƙala kalmar "compatible" ko su ce za su iya turo makamancinsa. Koma ka duba naka tallan, ina kyautata zaton za ka ga hakan.

Lambar kanta tana magana in ka san yadda ake karanta ta. 156 ɗin nan inci 15.6 ke nan, 140 inci 14. A wurin AUO, HAN na nufin yawan fiksel 1920x1080 ne kuma dangin IPS, wato irin sikirin ɗin da launinsa ba ya juyewa in an kalle shi ta gefe, HTN yawan fiksel ɗin ɗaya ne amma TN, wato irin da launinsa ke canzawa da kusurwar kallo, XTN kuwa 1366x768 ne TN. A wurin BOE in ka ga NV dangin IPS ne, in ka ga NT to TN ne. Kenan tunda B156HAN na AUO ne, NT156FHM kuma na BOE, kai IPS ka biya, TN aka aiko maka. Girma ɗaya, yawan fiksel ɗaya, amma ranar da ka ɗaura shi ka ɗan tura murfin baya za ka ga fuskar mutum a hoto ta yi duhu launi ya juye, ka jawo shi gaba ya yi fari fat kamar an wanke, wanda ke zaune gefenka kuna kallo tare kuwa shi wani abu daban yake gani. Kuma TN ya fi araha, bambancin kuɗin yana aljihun mai sayarwa ba naka ba.

Ni a wurina madadi ya karɓu ne kawai in ya yi daidai da na asali a abubuwan da ke taɓa aiki. Na farkonsu kuma mafi haɗari shi ne bakin da wayar sikirin ke shiga. Yawancin laftof na yanzu irin bakin da ake kira eDP mai fin 30 ne da su, masu taɓawa da masu 120Hz ko 144Hz da masu 4K galibi fin 40 ne, sannan tsofaffi akwai wani irin bakin da ake kira LVDS shi ma mai fin 40 wanda a ido ya yi kama da eDP ɗin amma tsarin wutarsu ba ɗaya ba, in aka haɗa su bisa kuskure ana iya ƙona sikirin ɗin ko a taɓa madabod, wato babban allon da ke cikin laftof ɗin, a nan gyaran ya tashi daga ƙarami ya koma babba. Akwai kuma bakin da ya fi siriri, yawan fin ɗaya amma waya ba za ta shiga ba, kar a danna da ƙarfi. Sai wurin da bakin yake, dama ko hagu, don wayar ba ta da rarar tsayi. Sai kunnuwan da ake ɗaure sukurori sama da ƙasa, wasu suna da su, masu siririn gefe kuma ba su da su, da gam mai fuska biyu ake manna su, faɗinsu ma ya ɗan bambanta. Sauran, wato haske da launi da ko fuskar mai sheƙi ce ko marar sheƙi, ba za su hana shi hawa ba, kawai dai su ne za ka riƙa gani kullum.

Shawarata ka mayar. Ɗauki hoton sitikar bayan wanda aka turo, da na tsohon naka, da tallan kansa kafin a gyara shi, ka shigar da ƙorafi a cikin manhajar da ka yi sayayya cewa kaya bai yi daidai da abin da aka tallata ba, ka rubuta a fili: an tallata IPS an aiko TN. Kar ka tsaya kan "lambar ta bambanta" kawai, nan zai fake da ƙananan rubutun nan ya tsira. Kar ka yarda ku koma WhatsApp ku sasanta, kuma kar ka rufe ƙorafin saboda ya yi alkawarin zai turo wani, wa'adin ƙorafi ƙayyadadde ne, wasunsu jan ka da hira suke har ya wuce. In ya ce zai rage maka kuɗi ka riƙe kayan, wannan kai da idonka ne, in rubutu da lissafi kawai kake yi TN zai yi maka aiki.

Wata 'yar'uwa kuma ta ce: "An riga an saka min, yana aiki, amma launukan sun koɗe ba kamar da ba, kuma ina aikin zane. Ya zan san me aka saka ba tare da an sake buɗewa ba?"

'Yar'uwa ba sai an kwance komai ba, sikirin yana faɗa wa kwamfuta sunansa da kansa. A Windows ki shiga Device Manager, ƙarƙashin Monitors ki danna sunan sikirin ɗin sau biyu, ki buɗe Details ki zaɓi Hardware Ids, haruffa ukun farko bayan kalmar MONITOR su ne kamfanin: AUO, BOE, LGD na LG, CMN na Innolux, SHP na Sharp. Manhajar HWiNFO kyauta ce, sau da yawa tana fito da cikakkiyar lambar, sai ki saka ta a shafin Panelook ki ga bayanansa. Abin da nake zargi shi ne an ba ki IPS ɗin amma mai ƙarancin launi. Misali NV156FHM-N48 da NV156FHM-N61, ɗan wutsiyar lambar ne kawai ya raba su, amma a ma'aunin yawan launi da ake kira NTSC na farko 45% ne, na biyu 72% ne, wanda ya kusa cike sRGB, wato launukan da aka saba amfani da su a kwamfuta da intanet. A na 45% ja yakan karkata zuwa ruwan lemo, kuma babu saitin da zai dawo da launin da sikirin ba zai iya fitarwa ba. Ga mai zane wannan ba ƙaramin abu ba ne, ki nemi canji in wa'adi bai wuce ba.

Akwai wanda ya ce bayan canji maɓallan rage haske sun daina aiki, yana kan ƙarshe kullum. Fara da sabunta direban hoto da BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod, in bai gyaru ba to wasu laftof ɗin ba sa jituwa da sikirin ɗin da ba ya cikin jerin da kamfaninsu ya amince da shi, an sha ganin haka a wasu ThinkPad. Mai irin wannan ya yi oda da lambar kayan gyara ta kamfanin laftof ɗin, a Lenovo FRU ake ce mata, a Dell DP/N, galibi tana kan wata sitika a bayan tsohon sikirin ɗin.

Tambaya ta ƙarshe: "Sikirin ɗina 1366x768 ne, tunda dole zan canza, in sayi 1920x1080?" Yana yiwuwa a wasu, in bakin eDP mai fin 30 ne kuma wayar da ke ciki layi biyu aka haɗa mata, don wasu kamfanoni sun yi tsimi sun saka mai layi ɗaya, ita kuma ba ta ɗaukar 1920x1080, sai an canza har da wayar. Bincika da sunan laftof ɗinka ka ga ko wasu sun yi ya tafi. Kafin ka biya kuma ka tura wa mai sayarwa saƙo ta cikin manhaja ya faɗa maka takamaimiyar lambar da zai naɗe, da hoton sitikar wanda ke hannunsa ba hoton talla ba, ka ƙara da cewa in babu ita ya soke odar. In ya amsa da "kar ka damu zai hau" bai kawo lamba ba, wuce wurin wani. Ranar ɗaurawa kuma a cire caja a zare wayar batir daga madabod kafin a taɓa wayar sikirin, in ba haka ba ɗan fiyus ɗin fitilar baya yana iya ƙonewa, a gwada shi da ledarsa a jiki a kan fari da baƙi da ja a duba matattun fiksel, sai komai ya yi daidai sannan a manna gam.