Kicin a tsakiyar fili: ina ma'anar kalmomin wasan pikilbol?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin motsa jiki ne a wata sakandare da ke Malali, nan Kaduna. Muna da tsohon filin badminton, ina so in gwada wa ɗalibaina wasan pikilbol, wanda ke kama da tanis amma da ƙwallo mai hujoji, da nake kallo a YouTube. Sai dai maganar masu sharhi na ɗaure min kai. Su ce kicin, su ce dink, sannan a kira maki da lamba uku. Wanne zan fara koya wa yara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Filin nan naka ya wadatar, don girmansu ɗaya da na badminton na 'yan wasa bibbiyu: faɗi ƙafa 20, tsawo ƙafa 44. Dama a irin filin aka ƙirƙiro wasan a 1965, a tsibirin Bainbridge na jihar Washington a Amurka, ta hannun Joel Pritchard da Bill Bell da Barney McCallum. Raga za ka sauke zuwa inci 36 a gefe, 34 a tsakiya.

Kalmomin da kake ji kashi biyu ne. Wasu doka ce, wanda bai san su ba zai yi ta asarar maki. Sauran sunayen salon bugu ne da laƙabi na 'yan wasa. Ka fara da na doka.

Kicin shi ne yankin da ke jikin raga, ƙafa 7 a kowane ɓangare. Ka lura, layin gaba na badminton ƙafa shida da rabi ne daga raga, sai ka sake shata naka. A cikin kicin ba a bugun sama, wato dukan ƙwallo tun ba ta taɓa ƙasa ba, abin da suke cewa boli. Masu koyo da yawa suna ɗauka shiga kicin ne haramun gaba ɗaya, har ka ga yaro yana kaffa-kaffa da layin, ƙwallo tana faɗuwa a gabansa ya kasa takawa. Ba haka ba ne. Kana iya shiga duk lokacin da ka so, kuma idan ƙwallo ta dira a ciki, shiga ka ɗauke ta. Laifin shi ne ka yi bugun sama ƙafarka na ciki ko tana kan layi. Har ma idan ka buga daga waje, ƙarfin bugun ya ja ka ka taka ciki, an ci ka, ko da abokin karawa ya riga ya kasa mayarwa. A nan ne za ka fi shan gardama da ɗalibai, don haka ka tsaya a kai sosai.

Sai dokar dira biyu. Wanda aka yi wa sabis dole ya bar ƙwallo ta dira kafin ya mayar, masu sabis su ma su bar ta ta dira sau ɗaya. Daga nan bugun sama ya halatta. An yi haka ne don kada mai sabis ya ruga raga ya kashe wasa nan take, kamar yadda ake yi a tanis. Shi sabis daga ƙasan ƙugu ake yin sa, a aika kusurwar da ke karkace da kai, kuma ya tsallake kicin har da layinsa.

Lambobi ukun da suka rikita ka: ta farko makin masu sabis, ta biyu makin abokan karawa, ta uku kuma wane ne ke sabis a cikin su biyun, na ɗaya ko na biyu. Idan ka ji 5-3-2, masu sabis na da 5, ɗaya ɓangaren 3, kuma mutum na biyu ne ke riƙe da ƙwallo. Ya faɗi, sabis ya koma wancan ɓangare, shi ne sayid-awut. A tsarin da aka saba, mai sabis kaɗai ke cin maki, ana tashi a 11 da ratar 2. Ana buɗe wasa da 0-0-2, saboda a ɓangaren da ya fara, mutum ɗaya kawai ke yin sabis kafin ya koma wancan ɓangare. Idan ɗaya da ɗaya ake yi, lamba biyu ta isa.

A cikin sunayen bugu, dink ne ya cancanci lokacinka. Bugu ne mai taushi daga bakin kicin, ƙwallo ta haye raga da ƙyar ta faɗa kicin ɗin abokin karawa, ya rasa yadda zai yi ya maka ta da ƙarfi. Ɗan'uwansa shi ne sassauƙan bugu na uku: masu sabis su lallaɓa ƙwallo daga baya ta sauka a kicin, su samu sukunin matsowa gaba. Samarinmu da suka saba da tebur tanis za su so su yi ta zabga ƙwallo. Irin su ake kira banga (banger a Turance), kuma a wurina mai haƙurin dink ya fi su wuyar karawa.

Sauran na ado ne. Lob shi ne cilla ƙwallo sama ta bayan mutum. Erne, da aka sa wa sunan wani ɗan wasa Erne Perry, shi ne ka tsallake kusurwar kicin ka tsaya wajen fili ka yi bugun sama dab da raga. ATP kuwa ƙwallo ce ta zagaya ta gefen sandar raga ta faɗa cikin fili, kuma halas ce. Kada ka wahalar da 'yan aji ɗaya da waɗannan yanzu.

Wajen sayen ƙwallo ka ƙirga hujojinta. Ta cikin ɗaki galibi 26 ne manya, ta waje 40 ƙanana kuma ta ɗan fi nauyi. Tunda filinku a sarari yake, ga iskar hunturun Kaduna, mai 40 za ka nema.