Fatawa: Hayar shagon da hukuma ta rufe, bashin dila da rancen korona

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah shi gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Birnin Kebbi, sana'ata fotokwafi, buga takardu da sayar da kayan rubutu. Shago biyu gare ni, duka na haya: ɗaya cikin harabar wata babbar makaranta, ɗaya a bakin titi kusa da ƙofarta. Tun da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, na ciki yana kulle, ko shiga ba a barin mu yi. Na waje a buɗe yake, amma sai a wuni ba a yi cinikin kuɗin man janareta ba. Masu shagunan suna neman kuɗinsu cikakke. Dilan da ke ba ni takarda bashi ya ce zai ƙara mini wata uku idan na yarda ya ɗora wani abu a kan kowane katan. Yaran shagona biyu suna zaune. Abokai suna ta cewa in cike fom ɗin rancen korona na bankin NIRSAL, wai ruwansa kaɗan ne, wasu ma suna cewa ba biya za a yi ba. Ga shekarar zakkata ta zagayo. Malam, me ya halatta gare ni, me ya haramta? Ina tsoron jarin ya karye.

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Allah ya yaye mana wannan annoba, ya buɗa maka, ɗan'uwa.

Na lura hankalinka ya fi karkata ga rancen, amma ba da shi zan fara ba. Akwai haƙƙoƙin da Shari'a ta riga ta ba ka waɗanda ba ka karɓa ba, kuma in ka karɓe su, ramin da kake son cikewa da bashi zai ragu sosai. Asarar da ta sauko daga sama, wadda ba sakacin kowa ya jawo ta ba, Musulunci bai yarda a tattara ta a kan mutum ɗaya ba don kawai shi ne mai rauni a cikin yarjejeniya. Muslim ya ruwaito daga Jabir, Allah ya yarda da shi, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da a sauke wa mai saye asarar ja'iha, wato bala'in da ya afka wa 'ya'yan itace bayan an sayar da su suna bisa. A wata ruwayar ya ce wa mai sayarwa: da me za ka ci dukiyar ɗan'uwanka ba tare da haƙƙi ba? Imam Malik ya ɗauki wannan hukunci, ya ce ana sauke asarar idan ta kai kashi ɗaya bisa uku. A kan wannan tushe malamai suka gina maganar haya ma, domin abin da mai haya ya saya shi ne amfanin wuri, ba bulo da kwano ba.

Shagon da ke cikin makaranta hukuncinsa a fili yake a mazhabarmu ta Malikiyya. Shaihu Khalil, a babin ijara, wato haya, na littafinsa Mukhtasar, ya lissafa abubuwan da ke warware haya, ya ambaci umarnin sarki da a rufe shaguna a cikinsu. Halinka ke nan daidai: hukuma ta rufe ƙofa, kai ba ka ƙi zuwa ba, shi ma mai shago bai hana ka ba, amma amfanin da aka ƙulla yarjejeniya a kansa ya yanke. Saboda haka kuɗin watannin da shagon ya yi a kulle bai hau kanka ba. In ka riga ka biya na shekara, kamar yadda aka saba a nan, to ko dai ya mayar maka da na waɗannan watanni, ko ya ƙara maka kwatankwacinsu bayan an buɗe, wanda kuka yarda da shi. A ce hayar naira dubu 120 ce a shekara, aka rufe wata shida: dubu 60 taka ce.

Sai dai ina da gyara ɗaya a gare ka, don kada ka je masa da ƙarfin da ya wuce haƙƙinka. Injinanka da kayanka suna ciki duk tsawon lokacin nan. In an ba ku damar kwashewa kai ne ka zaɓi ka bar su don kada wurin ya kuɓuce maka, to ka ci wani amfani, na ajiya, kuma adalci ne ka biya gwargwadonsa, wanda masana harkar haya a unguwar za su ƙiyasta. In kuwa ko shiga an hana, kamar yadda ka faɗa, babu komai a kanka. Shi ma mai shagon ka tuna wataƙila da wannan haya yake ciyar da gidansa. In ka bar masa wani abu don zumunci, kyauta ce ka yi, ba bashi ka biya ba.

Shagon bakin titi ya fi wuyar hukunci, kuma a nan mutane suke kuskure, suna haɗa shi da na farko. Mabuɗi yana hannunka, kana buɗewa kana rufewa. Asali, mutuwar kasuwa kawai ba ta sauke haya. Da tana saukewa, da babu mai shago da zai karɓi kuɗinsa a damina. Amma taka ba irin wadda aka saba ba ce. Ka kama wurin ne saboda ɗalibai, mai shago ya san haka, da su ma ya yanka maka farashi, sai ga shi hukuma ta sallame su gaba ɗaya. An tambayi Ibn Rushd kaka, alƙalin Ƙurɗuba wanda ya rasu a shekara ta 520 bayan hijira, game da masu hayar masaukin baƙi da injin niƙa idan fitina ko tsoron hanya ya hana mutane zuwa. Ya ce wannan aibi ne a cikin abin da aka yi haya, mai haya yana da zaɓi, ya riƙe ko ya warware. Amma in ya yi shiru har lokaci ya wuce, hayar duka ta hau kansa. Ibn Taimiyya kuwa ya tafi a kan cewa ana rage haya gwargwadon amfanin da ya ragu. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, a zamanta na shekara ta 1402 bayan hijira, ta yanke cewa idan yanayi na gama-gari da ba a zata ba ya canza nauyin yarjejeniya canji mai tsanani, alƙali yana da ikon raba asarar tsakanin ɓangarorin biyu.

Abin da nake ganin ya fi daidai: ba ka da ikon zaftare kuɗin da kanka, kuma watannin da suka wuce kana shiru ka biya su, sai abin da ya yafe maka. Amma daga yau kada ka ƙara kwana ba ka same shi ba. Ka je da dattijo ɗaya ko shugaban 'yan kasuwar layinku, ka ce masa ko a rage har ɗalibai su dawo, ko ka mayar masa da mabuɗinsa. In sulhu ya gagara, kotun Shari'a tana nan. Kunya ce ke karya yawancin 'yan kasuwarmu a irin wannan, mutum yana ganin neman ragi kamar roƙo ne, alhali haƙƙi ne.

Maganar dila kuwa ba ta buƙatar dogon bincike. Ƙarin lokaci a kan ƙarin kuɗi, bayan bashi ya riga ya tabbata, shi ne ainihin ribar jahiliyya: ko ka biya, ko ka ƙara. Ɓoye ƙarin a cikin farashin katan bai canza komai ba. Haramun ne gare shi ya nema, haramun ne gare ka ka yarda. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 280, idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu yalwa, kuma a yafe masa ya fi alheri. Jinkirin nan wajibi ne a kan dila, ba alfarma ba. Kai kuma kada ka fake da ayar in kana da abin biya, domin Annabi ya ce taurin bashin mawadaci zalunci ne. Abin da za ka iya yi masa: ka mayar da katan-katan ɗin da ba ka buɗe ba a cire daga bashin, ka riƙa ba shi abin da ya samu duk mako, ku rubuta. In zai ba ka sabon kaya a kan farashin bashi da ya ɗara na hannu, wannan ciniki ne halal, muddin an yanke farashi tun farko, bai ƙaruwa da jinkiri, kuma ba a sanya shi sharaɗin ɗaga tsohon bashin ba.

Yanzu rancen. Shirin da ake nufi shi ne wanda Babban Bankin Najeriya ya buɗe a watan Maris na 2020 da naira biliyan 50, ta hannun bankin NIRSAL, da ruwa kashi 5 cikin 100 wanda aka tsara zai koma kashi 9 daga baya. Na ji hujjojin da ake kawowa. Ana cewa kuɗin gwamnati ne, ana cewa tsadar kaya ta fi kashi 5 gudu, ana cewa ladan aiki ne. Ko ɗaya bai tsaya ba. Kasancewar mai ba da rance hukuma ce bai fitar da ƙari daga zama riba ba, ƙanƙantarsa ma haka. Aya ta 278 ta Suratul Baƙara ta ce ku bar abin da ya rage na riba, ba ta ware kaɗan ba. Ladan aiki kuwa, Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta shi ne gwargwadon ainihin abin da aka kashe wajen hidimar rancen, ta ce duk abin da ya haura riba ne. Kuɗin da ke ƙaruwa da yawan rance da tsawon wata ba kuɗin takarda da tawada ba ne, kai da kake sayar da su ka fi kowa sani.

Saura lalura. Lalurar da ke halatta haram ita ce wadda rai ko lafiya ke cikin haɗari kuma babu wata ƙofa. Wanda iyalinsa ke kwana da yunwa, ya nema ko'ina bai samu ba, hukuncinsa daban ne, kuma gwargwadon abin da zai tsayar da yunwar. Kai kuwa shago biyu gare ka, da injina, da haƙƙin haya da ba ka karɓa ba tukuna. Tsoron karyewar jari buƙata ce mai girma, ban raina ta ba, amma ba ta kai lalura ba. Masu cewa a karɓa ba za a biya ba kuwa sun haɗa maka zunubi biyu a faifai ɗaya. Bukhari ya ruwaito cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane yana nufin biya, Allah zai biya masa. Wanda ya karɓa yana nufin halaka ta, Allah zai halaka shi. Baitulmali dukiyar mutane ce, kuma sunanka da lambar BVN ɗinka ne a kan takardar.

Ƙofofin halal ba su rufe ba. A 2020 Babban Bankin ya fitar da ƙa'idojin gudanar da irin waɗannan shirye-shirye ta tsarin da babu ruwa a cikinsa. Ka tambayi wannan sashe, ka karanta yarjejeniyar da idonka ko ka kawo a duba maka, ka tabbatar ciniki ne na gaskiya, kaya ake saya a sayar maka, ba suna kawai aka canza ba. Tallafin ƙananan 'yan kasuwa na Survival Fund da gwamnatin tarayya ta ware wa naira biliyan 75 a 2020 kyauta ce, karɓarsa halal ne, da sharaɗin kada ka ƙirƙiri sunayen ma'aikatan da babu su, kada kuma ka ba wani cin hanci don ya tura sunanka. Akwai mudaraba: wani ɗan'uwa mai hali ya zuba jari, kai ka yi aiki, ku raba riba bisa kason da kuka yanke, in an yi asara ba da sakacinka ba ta faɗa kan jarin. Kada dai ya ce ka lamunce masa uwar kuɗinsa ko ka riƙa ba shi adadi tsayayye duk wata, nan ta koma rance da ruwa. Akwai adashe. Akwai kuma abin da 'yan kasuwa ba su son ji: ka saki shago ɗaya, ka sayar da inji ɗaya, ka riƙe ɗayan da ƙarfi. Jarin da ya ragu yana dawowa.

Yaranka: duk aikin da suka riga suka yi, ladansa bashi ne da ya fi na dila gaggawa, domin a hadisin Bukhari Allah ya ce shi ne abokin husumar wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya ci aikinsa, ya hana shi lada. Wanda ke zuwa shagon waje yana zama, ko ba ciniki, ya ba ka lokacinsa, ka biya shi. Wanda shagonsa ke kulle, ba dole ba ne albashin watannin rufewa, amma kada ka bar shi a rataye. Ka faɗa masa gaskiya, ko ku daidaita a kan wani abu, ko ka sake shi ya nemi na kansa. Ga aikin shinkafa na kaka yana ƙaratowa a fadamun Argungu da Suru.

Zakka kuwa lissafi ce, ba ta faɗuwa don an yi annoba, ba ta kuma hawa kan wanda ba shi da nisabi. Kai mai juya kaya ne kullum, saboda haka ranar da shekararka ta cika ka yi wa kayan sayarwa kuɗi a farashin yau, ba farashin da ka saya ba, ko da sun daɗe a shago. Injin fotokwafi, kwamfuta da janareta ba sa ciki, kayan aiki ne. Ka haɗa da kuɗin hannu da na banki da basukan da kake sa ran za a biya ka, sannan ka cire abin da ake bin ka, sai fa in kana da wata kadara da ta wuce buƙatarka, kamar fili, wadda za ta iya tsaya wa bashin. Abin da ya rage in ya kai nisabi, dinari 20, kimanin giram 85 na zinariya, ka fitar da ɗaya bisa arba'in. In bai kai ba, babu zakka a kanka bana. In ma lissafin ya nuna bashi ya fi abin da ka mallaka, to ka shiga cikin mabarta, wato waɗanda bashi ya yi wa nauyi, da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata, kuma ya halatta a ba ka zakka ka biya dilan da ita.

Wallahu a'alam.