Gidan burodina da mafi ƙarancin albashi: 70,000 ko 71,000?

Tambaya: Ina da gidan burodi a Kano, ma'aikatana 18, kowa ina biyansa naira 45,000 a wata. Ina shirin buɗe reshe in ƙara mutum goma. Yarana na cewa gwamna ya yanke 71,000. Dole ne in biya?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Naira 71,000 da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya amince da ita a 2024 ta ma'aikatan gwamnatin jiha ce, kamar yadda 85,000 ta Legas take ta nasu. Kundin tsarin mulki ya bar wa Majalisar Tarayya kaɗai ikon yanke mafi ƙarancin albashi. Jiha na iya ƙara wa ma'aikatanta, ba ta da ikon ragewa, kuma shugaban ƙaramar hukuma ba zai yanke maka abin da za ka biya ba.

Wadda ta shafe ka ita ce dokar tarayya, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024: naira 70,000. Sai dai ta tsame wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin 'yan sa'o'i, da waɗanda ake biya kamasho ko gwargwadon abin da suka yi. A yau dai ba ta hau kanka ba.

Reshen nan ne zai sauya lissafi. Mutum 18 da goma sun zama 28, ka haye layi ke nan. Giɓin 25,000 sau 28 ya kama naira 700,000 kowane wata, kafin a zo maganar fulawa, sukari da itacen gashi. Raba wannan da yawan burodin da kake fitarwa a wata, ka ga nawa zai hau kan kowane guda. Idan kasuwa ba za ta ɗauka ba, jinkirta reshen, ko ka fara da mutum biyar.

Kada ka rubuta ɗan kwaɓa da ke wuni a bakin tanda a matsayin ɗan kamasho don kauce wa doka. Ranar da kuka ɓata, Kotun Ma'aikata aikin da yake yi za ta duba, ta kuma sa ka biya ariyas.

Fansho kuwa ya riga ya hau kanka: tun daga ma'aikata 15 kake zuba kashi 10 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, shi kuma kashi 8.

Shawarata, ko ba dole, ka riƙa ƙara wa gwanayenka kaɗan-kaɗan. Naira 45,000 ba ta kai magidanci ƙarshen wata, kuma mai gashin da ya tafi, wata guda za ka yi kana asarar ƙonannen burodi.