Jiri da Tangaɗi Bayan Shekara Sittin: Likita Ya Amsa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata ta haura shekara 70. Duk sanda ta juya a kan gado ko ta ɗago daga sujada, sai ta ce ɗakin na juyawa da ita, jim kaɗan ya lafa. An auna jininta bai hau ba. Yayyena sun ce tsufa ne, sai haƙuri. Haka ne? Daga mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Tsufa na da hannu, amma ban yarda a tsaya ga haƙuri ba, domin irin wannan jirin na cikin mafiya sauƙin magani.

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa. Su ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa kai ya juya. Gefensu akwai 'yan jakunkuna biyu ɗauke da ƙwayoyin kalsiyam kamar rairayi, waɗanda ke gane ina sama ina ƙasa. Idan shekaru suka ja, ƙwayoyin kan ɓantare su faɗa cikin bututu, galibi na baya. Kai na motsawa sai su gangara su ja ruwan, kunne ya aika saƙon juyawa alhali ido na ganin komai a tsaye. Suna kwantawa jirin ya wuce, shi ya sa ba kasafai yake kai minti ɗaya ba.

Ki kai ta sashen kunne, hanci da maƙogwaro, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Likita zai karkata kanta digiri 45, ya kwantar da ita rigingine da sauri, ya duba ko idanu na karkarwa. Idan an gano kunnen da ya kamu, sai a yi dabarar da likitan Amurka John Epley ya wallafa a 1992: tana kwance kai ya ɗan rataya ta gefen kunnen da ya kamu, a jira daƙiƙa 30, a juya kan digiri 90 zuwa ɗaya gefen, a sake jira, ta mirgina kan kafaɗa har hanci ya dubi ƙasa, sannan a zaunar da ita a hankali. Kada a fara gwadawa a gida, musamman in tana da ciwon wuya. Jirin yakan dawo, in ya dawo sai a sake yin dabarar.

Ƙwayoyin jiri da ake saye a kemis ba sa mayar da komai mazauninsa, kuma yawan shansu na sa tsoho magagi har ya faɗi. Amma in jirin ya zo da karkacewar baki, nauyin harshe, gani biyu-biyu ko mutuwar hannu, a garzaya asibiti nan take, alamar shanyewar ɓarin jiki ce.

Tambaya: Likita, Babana ba ya jin juwa, sai dai yana tangaɗi in zai tafi sallar asuba. Da rana lafiya lau. Daga mai karatu a Gusau.

Amsa: Ɗan uwa, tsayuwar mutum ta dogara da kunne, ido da tafin ƙafa. Ƙwayoyin gashin da ke jin motsi a cikin kunne na raguwa da shekaru, kuma ba sa sake tsirowa, don haka Baba ya koma dogaro da ido. Duhu na ɗauke masa idon, yashi ko hanya mai gargada ya rikita ƙafar. A duba yanar ido da ciwon suga, a kuma tambaya ko an taɓa yi masa allurar jentamaisin ko sitireftomaisin, domin suna iya lalata wannan sashe na cikin kunne.

Ƙwaƙwalwa na koyon cike giɓin idan ana motsa ta. Yana zaune, ya kafa ido a kan yatsansa, ya riƙa juya kai hagu da dama na minti ɗaya, sau uku a rana. In ya farka, ya zauna bakin gado minti ɗaya kafin ya miƙe, saboda jini kan sauka a lokacin. A sama masa tocila mai haske da takalmin da ke kama dunduniya, a ajiye silifas.