Amsa Kan Goge Fuskar Tsohon Agogon Hannu

Saƙonka ya iso mini bayan sallar la'asar, ɗana, kuma sai da na karanta shi sau biyu kafin na yarda cewa daga hannun wanda ya yi shekara uku a gefen teburina ya fito. Ka ce wani bawan Allah ya kawo maka agogon West End na marigayi mahaifinsa, fuskarsa ta yi ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa kamar ƙwan zabuwa, yana so a mayar masa da ita fara fat kafin bikin 'yarsa. Kana tambaya ko ka goge ta da auduga da sifirit, ko kuwa ka tsoma ta a injin wanki mai girgiza ruwa kamar yadda ka ga wani yana yi a waya. Kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ka fara tambayar waya kafin ka tambaye ni, kuma wannan shi ne ciwon yaran yanzu: mutumin da ba ku san ko ya taɓa biyan diyyar agogon wani ba, shi kuke ɗauka malami saboda hotonsa ya fito da kyau.

Ba zan tsaya koya maka yadda ake zare ɗan kan nan da ake murzawa a gefen agogo, ko fitar da inji daga gidansa, ko ɗaga hannayen agogo ba tare da an karce fuska ba. Wanda bai san wannan ba bayan shekara uku, gara ya koma sayar da batir da madauri. Abin da nake so ya zauna maka a kai shi ne mece ce ita kanta fuskar. Faifan tagulla ne siriri, an shafa masa azurfa ko fenti, aka buga lambobi da sunan kamfani da tawada, sannan aka bi da wani shafe mai sheƙi wanda bai kai kaurin fatar albasa ba. A wasu agogunan rubutun yana ƙarƙashin shafen, a wasu kuma a kansa yake zaune, ba abin da ya tsare shi. Bayan shekara hamsin ko sittin na zafin bazara da laimar damina da gumin hannu, shafen nan ya bushe ya tsattsage, laima ta bi ta tsagar ta ci ƙarfen da ke ƙasa. Ɗigon da kake gani ke nan. Ba datti ba ne da ya hau kan fuskar, fuskar ce da kanta ta canza, saboda haka duk abin da yake da ƙarfin cire ɗigon yana da ƙarfin tafiya da rubutun.

Tambayarka ta tayar mini da wani tsohon miki. A ƙarshen 1986, lokacin da gwamnati ta saki naira darajarta ta fara zubewa, duk wani kayan gyara da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo, wani mutum ya zo rumfata da babbar riga mai aiki da turare mai tsada. Ya zaro Omega Seamaster daga aljihu, ya ce mahaifinsa ne ya sayo shi a Jidda da ya je aikin Hajji, yana so a wanke masa inji a kuma goge wani tabo da ke kusa da lamba bakwai. Na ce masa inji kam aikina ne, amma fuska ba na taɓa ta. Sai ya shiga zuga ni, wai an gaya masa duk layin nan babu mai hannuna, wai ya wuce rumfa biyar bai tsaya ba sai tawa. Ina da shekara talatin da 'yan kai a lokacin, jinina yana tafasa, maganar ta shige ni. Na karɓi agogon ba tare da na sa gilashin ido na duba fuskar a gabansa ba, ba kuma tare da na kira ko maƙwabcina ya shaida halin da take ciki ba.

Washegari da yamma, rana ta yi sanyi haske ya ragu, na naɗa 'yar auduga a bakin tsinke, na taɓa ta a ruwa, ruwa zalla ba sifirit ba, na ɗora a kan tabon na juya sau ɗaya. Da na ɗaga tsinken sai na ga audugar ta yi baƙi. 'Yan layukan minti uku sun ɓace, kuma ruwan ya gangara ya taɓa wutsiyar kalmar Seamaster, harafin ƙarshe ya narke ya bazu kamar tawadar allo da aka yi wa yayyafi. Har yau ina iya ganin baƙin nan a kan audugar. Na san fuskar da ta fito daga kamfani a Suwizalan ba ta narkewa haka da ɗigon ruwa guda, don haka na sassauta ƙafafunta na kife ta. A bayanta akwai lambobi da aka karta da tsinin allura, a bakin gefenta kuma an yi 'yar tsaga ƙarama, irin alamar da masu sake fentin fuska suke yi domin su daidaita ta a mabugarsu. Fuskar sake fenti ce, mai arha kuwa, kuma da na duba ta da gilashi tun farko da na ga kaurin haruffan bai daidaita ba.

Da ya dawo na nuna masa duk wannan, sai ya ɗaga murya har mutane suka taru. Ya rantse cewa agogon bai taɓa shiga hannun wani mai gyara ba, ya ce ni ne na cire fuskar asali na sayar na maye masa da ta jabu. Aka kai mu gaban shugabannin layi. Dattawan nan 'yan kasuwa ne masu mutunci, amma ba su san bambancin bugun kamfani da na masu sake fenti ba. Abin da suka gani shi ne mutum ya kawo agogo da rubutu ya tarar babu, ni kuma ba ni da shaida ko ɗaya. Aka yanke cewa in biya shi kuɗin agogon yadda ya faɗa da bakinsa. Vespa ɗin da na yi shekara biyu ina zubin adashi kafin na saya, ita na sayar na biya, na koma zuwa kasuwa a kan keke, da iyali da 'ya'ya huɗu. Bai ma bar mini agogon ba, wai gadon mahaifinsa ne. Bayan kamar wata takwas wani abokin sana'a daga Zariya ya zo sayen gilasai, muna hira ya ba ni labarin mai babbar riga da Omega mai tabo a kusa da lamba bakwai, wanda ya karɓe masa kuɗi ta wannan hanyar. Ashe sana'arsa ke nan: ya kai a sake fentin da tawada mai narkewa, ya ɗiga tabo, ya nemi mai gyaran da yabo yake ruɗa. An ce a yafe, kuma na sha jin wa'azi a kan haka, amma ni dai na bar shi da Allah, sai mun haɗu a can.

To ga abin da za ka yi da West End ɗin da ke hannunka. Kafin ka kwance komai, ka kira mai shi, ka sa masa gilashin a idonsa ya ga ɗigon da kansa, ka ɗauki hoton fuskar da wayar nan da ba ta barin hannunka, ko yau ta yi maka rana. Ka yi aikin da safe a hasken rana, ba a ƙarƙashin fitila ba, kuma ba ranar da hunturu yake kwaso ƙura ba. Ka fara da 'yar robar hura iska. Kada ka hura da baki, domin tururin numfashi da feshin yawu su ne tabon shekara mai zuwa. Abin da iska ta kasa ɗagawa sai ka bi shi da buroshi mai laushi wanda bai taɓa ganin mai ba. Idan akwai shatin yatsa ko maiƙo, ka ɗauko Rodico, koren ƙullun nan na kamfanin Bergeon, ka tsinko sabo ka murza masa tsini, ka riƙa dangwalawa a hankali kana ɗagawa tsaye. Dangwalawa na ce, ba gogewa ba. Ka fara gwadawa a can bakin gefe inda gidan agogo yake rufewa, ka kauce wa rubutu, kuma idan ka ga shafen ya fara ɓamɓarowa kamar ɓawon gyaɗa, ko Rodico ɗin ma ka ajiye shi, domin zai ɗago fentin. A nan aikin ya ƙare. Sifirit da fetur da ruwan goge jan farce da lemun tsami da man goge baki, duk na ga abin da kowannensu ya yi wa fuskar agogo a hannun masu garaje, garin gyaran gira aka rasa ido. Fuska ɗaya ce na sani mai jure ruwa da sabulu, ita ce farar tangaran ta tsofaffin agogunan aljihu, wadda gilashi ne aka narka a wuta a kan tagulla, ita ma sai idan lambobinta a cikin wutar aka gasa su. Taka ba irinta ba ce.

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba, wanda ya fi kuɗi muhimmanci. Ka dubi garin nan da ke kan lambobi da cikin hannaye, wanda yake haske da dare a da. A agogunan da aka yi kafin shekarun 1960, yawancinsa da sinadarin radiyom aka haɗa shi. Hasken ya mutu tuntuni, amma gubar tana nan, domin radiyom sai ya yi kimanin shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya ragu. 'Yan matan da suke shafa shi a masana'antun agogo a Amurka cikin shekarun 1920, waɗanda aka koya wa gyara tsinin buroshi da leɓe, da yawansu ƙashin muƙamuƙinsu ya rube, wasu suka mutu da ƙuruciyarsu. Idan ka ga harafin T a gefen kalmar Swiss a ƙasan lamba shida, wannan tiritiyom ne da ya maye gurbinsa, haɗarinsa bai kai na wancan ba. Idan ba ka gani ba, kuma garin ya yi launin ƙasa-ƙasa kamar ya ƙone, ka ɗauka radiyom ne. Kada ka kankare shi, kada ka hura iska a kansa fuskarka tana kusa, ka shimfiɗa takarda a ƙasa ka naɗe ta ka zubar in ka gama, ka wanke hannu da sabulu kafin ka kai goro baki. Na ga yadda kuke cin gyaɗa a kan teburin aiki, kuma na gaji da magana.

Shi kuma mai agogon, ka gaya masa gaskiya cewa ɗigon nan ba zai fita ba. Ka sauya masa gilashi ko ka goge wanda ke kai, ka wanke gidan da madaurin, ka yi wa injin wanka da mai. Mafi yawan dusashewar da take damun mutane a gilashi take, kuma zai yi mamakin yadda fuskar za ta fito bayan haka. In ya nace sai an mayar da ita fara, ka faɗa masa cewa sai dai a sake fenti, wanda zai karya darajar agogon a wurin masu sanin kaya, kuma ba ita ce fuskar da mahaifinsa ya riƙa dubawa yana jiran lokacin salla ba. In ya ƙi ji, ka miƙa masa kayansa da hannu biyu, kada ka karɓi ko sisi. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shigo kasuwa da hantsi, ka ajiye mini agogon a rufe, ina so in ga bayan fuskar da idona kafin ka mayar da hannayen.